Cikon Haƙorin Mai Busa

A asibitin haƙori na bakin kasuwar garin Monteriya, ina cikin masu jiran layi, wani dattijo ya kasa zama wuri ɗaya. Farar rigarsa ta sha guga, ga ƙahon tagulla a hammata. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa taga, harshensa sai kai-komo yake a kan haƙorin gaba. Kantar da ke leɓensa ta nuna mini ya daɗe yana busa a bukukuwa.

Likitar, wata matashiya, tana kiran sunansa, Anacleto, sai ya toge a bakin ƙofa.

"'Yata, kada ki fasa cikon nan duka. Shekara talatin iskata ta nan take bi. Kika sauya shi, sautina ya tafi."

"Baba, wa ya ce zan fasa? Gefe ne ya ɓantare, gefen zan liƙe. Sai ka ce yanka ka zan yi!"

Bai gamsu ba. Ya kafa ƙahon a baki, ya ja busa ɗaya doguwa, har muka zabura.

"Riƙe wannan a kunnenki," in ji shi. "In kin gama, shi za ki mayar mini."