Gwaggo Lami da Ciyawar Jami'a

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ko addu'ar asuba ban shafa ba na ji ana wasa lauje a tsakar gida. Duk wanda ya zauna da Gwaggo Lami, yayar mahaifina, ya san wannan ƙarar. Ko gidan suna za ta, da laujenta a ƙugu, saboda awakinta.

"Gwaggo, Zariya fa za mu, bikin gama karatun Rukayya."

"To, a Zariyar ciyawa ba ta fitowa?"

Ni damuwata ɗaya ce. Ƙafafunta sun fara kumburi, jikina ya ba ni wani abu, ga shi ba mu da hotonta ko guda. Da an ɗaga waya sai ta ja mayafi: "Mai son ganina ya zo Hunkuyi, ina nan." Na ce yau ko ta halin ƙaƙa sai ta tsaya gefen 'yata Rukayya.

Rukayya ta ce a fara zaga gari, hoto sai rana ta yi sanyi. Wayyo ƙafata! A gindin ganuwa Gwaggo ta ɗebi ƙasa ta murza. "Kai! Rumbu nawa aka yi asara a nan?" Direban da ya kawo mu ya nuna mata dutsen Kufena, ya ce daga nesa ake zuwa kallonsa. "Dutsen? Allah ya ba su aikin yi." A Samaru ta ga ɗalibai suna cin taliya a tsaye, ta tambaye su ko tabarma ce ta yi tsada.

La'asar muka shiga jami'a, ni da ƙyar nake ɗaga ƙafa. Rukayya ta sa doguwar rigarta, mai hoto ya jera mu. Sai ga wani yana aske ciyawa da wani inji mai kama da babur.

"Bawan Allah, ina za ka kai ta?"

"Bola, Mama."

"Innalillahi!"

Kafin in kama hannunta ta duƙa. Mai gadi ya rugo. "Mama, ba a yanka a nan!"

"Shi wancan mai yanka da babur, gonar ubansa ce?"

Wallahi mai gadin ne ya ƙare da riƙe mata buhu. Na kira, na roƙa, har na gaji na zauna a ƙasa. Hoton da muka samu ke nan: Rukayya tana dariya, can baya Gwaggo a duƙe, ba fuska, sai ɗaurin ɗankwali.

Ba ta ga girbin masarar shekarar ba. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya hutar da bayan nan da bai taɓa miƙewa ya huta ba, ya haskaka kabarinta.

Jiya ina goge hoton, autata Hafsat ta daɗe tana kallo. Ta ja zanena.

"Umma, ki ce mata ta juyo mana."