Akwatin da haske ba ya ratsawa

A shekarun da Togo ta rikice da neman jam'iyyu, kowa a Sokode yana da bakin magana, ni kuwa bakin katako ne ya dame ni. Ana ƙona taya a hanyar Lome, ina cikin rumfata ina fere madaci.

Ni kafinta ne mai girman kai, ba zan ɓoye ba. Ina da allon da nake daidaita bakin katako a kansa, mai ɗan tudu a gefe. Sai in kwantar da katako ya tokare tudun, in kwantar da magogin fere katako, wanda mu a can muke kira rabo, a kan haƙarƙarinsa, in yi ta turawa a hankali. In na gama, sai in haɗa baki biyu in ɗaga su sama in duba. Ko haske kamar silin gashi na gani, aiki bai yi ba, sai a sake.

Ana cikin haka wani ɗan kwangila ya zo ya ce akwatunan zaɓe yake so, za a kai Dapaong. Ya ce an gaya masa duk garin babu mai haɗa katako kamata. Kaina ya ƙara kumbura. Na raya a zuciyata cewa daga wannan aiki sunana zai wuce Sokode, har Cinkassé, can bakin iyakar arewa, a ji shi. Mako uku na yi ban san waye ke yajin aiki ba, waye ya koma. Matata ta ce da zan kula da gidan kamar yadda nake kula da allon nan, da ta huta.

Da kaina na raka akwatunan a bayan babbar mota, don kada yaran mota su goge musu kusurwa. Shinge nawa muka wuce, na sojoji da na samari, kowa sai ya leƙa ya tambaya na wane ɓangare ne. Na ce na madaci ne.

A Dapaong aka jera su a farfajiyar wata makaranta, wakilan jam'iyyu suka zo dubawa. Na tsaya gefe ina jiran yabo. Wani dattijo mai sayar da shanu ya ɗauki guda, ya juya shi, ya kai idonsa jikin haɗin, ya daɗe yana nema.

Ya ce, "Malam kafinta, ba a ganin komai a ciki."

Na ce, "Ai aikin ke nan, Baba."

Sai wuri ya ɗauki hayaniya. Ashe abin da ake ta faɗa a kansa a rediyo ke nan, ni ina can ina fere: mutane suna son akwatin da za su ga cikinsa, kada a zo da shi a cike tun daga gida. Akwai wasu akwatuna na wani kafintan garin a gefe, aikin ganin dama, ratar da ke tsakanin katakansa yatsa zai shige. Su aka yaba. Aka ce wannan mutumin kirki ne, ba ya ɓoye komai. Ni kuma aka fara tambayar wa ya aiko ni.

Ɗan kwangila ya matso, gumi na zuba, ya roƙe ni in ɓalle katako ɗaya ɗaya a kowane gefe a buga raga. Aka miƙo mini kurfin sassaƙa da guduma. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ga idanun jama'a, na durƙusa.

Na sa kurfi daidai kan haɗin na buga. Ya ƙi. Na ƙara bugawa da ƙarfi, sai madacin ya tsage ta tsakiya, haɗin yana nan yadda na bar shi. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fashe ta wani wuri daban. Hawaye ya cika mini ido, ina duban jama'a ko akwai wanda ya lura da inda bai tsage ba. Dattijon nan ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, in na daɗe a sana'ar hannuna zai faɗa.