Gaba Tara Zuwa Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, kuma duk shekara sai na liƙa wa 'yan aji biyar hoton babbar ƙofar shiga Abuja a jikin allo. Ina gaya musu cewa ƙasa ba ta gina abu ya yi wannan girman sai in abin da ake son tunawa ya kai haka. In muka fita ziyara Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa, sai in sa su ɗaga kai har hulunansu su faɗo. Ban taɓa kawo su ƙofar gidanmu ba, alhali tafiyar minti biyar ce daga makarantar.

A ƙofar gidanmu da ke Fagge akwai rijiya. Bakinta bai wuce gwiwata ba, murfinta tsohon kwano ne da aka danne da dutse. Babanmu ne ya haƙa ta da hannunsa, domin haƙar rijiya ita ce sana'arsa. A waje ya haƙa ta da gangan, wai don kada mai ƙishirwa ya tsaya yin sallama. Ina yarinya kunyar sana'arsa nake ji, saboda kullum jajir yake dawowa, da laka har cikin kunne. Ranar da aka tambaye mu aikin iyayenmu a makarantar horon malamai, magini na rubuta. Har ya rasu bai sani ba, ni kuma har yau abin yana cina.

Layinmu ya canza a kan idona. Gidajen da na sani da tsofaffi da awaki duk sun koma ɗakunan ajiyar atamfa da shadda, 'yan adaidaita sahu suna shiga da dila suna fita da dila tun safe. Mu uku muka rage da ba mu sayar ba. Da 'yan kasuwar suka yi yawa sai suka kafa ƙungiya, ƙungiyar kuma ta ga ya kamata a yi wa layin ƙofa mai ginshiƙai biyu da kambi a sama, irin wadda za a hango tun daga titi.

Shugaban ƙungiyar da kansa ya zo mini da zanen. Alhaji ne mai fara'a, sa'an ƙanena, kuma ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ya shimfiɗa takardar a kan tabarmar zaure ya ce, "Malama, ƙafa ashirin ce tsayinta. Layin nan yana da tarihi, amma wa zai sani in babu abin da ya nuna? Ke ma ai kin koyar da wannan."

Na ce haka ne, na koyar. Sai na ga ƙafar ginshiƙin dama a kan rijiyar Baba ta sauka.

Ya ce ai cike ta za a yi, tifa ɗaya ta yashi ta isa. Ya ce kowa yana da burtsatse yanzu, kuma rijiyar a kan hanya take, ba ta cikin takardar gidanmu. Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Da na ce ita ma rijiyar tarihi ce, sai ya yi murmushi ya auna ta da ido. "Haba Malama, abin da akuya take tsallakewa?"

Ni ba mai saurin magana ba ce, amma in na ƙi abu na ƙi shi ke nan, mijina marigayi ya sha fama da wannan halin. Na ce masa ban yarda ba. Ya naɗe takardarsa ya ce in yi tunani, ranar Asabar za a kawo yashi.

Ranar Alhamis na shiga ɗakin shirgi na fito da igiyar Baba. Masu haƙar rijiya da gaba suke awo, wato buɗin hannuwa biyu daga yatsa zuwa yatsa, kuma Baba yana ƙulla ƙulli a igiyarsa duk gaba ɗaya da ya sauka. Ƙulli tara ne a jikin ta rijiyarmu. Na zauna ina shafa su, na tuna wata uku ya yi yana haƙar, shi kaɗai a ƙasa, mu muna jin tarinsa yana tasowa daga ciki.

Da Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau adaidaita sahu na tafi Sabon Gari wajen wata tsohuwa da muke kira Mama. Mutuniyar kudu maso gabas ce, Kirista, tana sayar da busasshen kifi a kasuwa tun ina budurwa, yanzu jikarta ce a rumfar ita kuma tana gefe tana ba da umarni. Wata shekara da gari ya rikice aka hana fita, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa suka ɓace. A 'yan awannin da ake sassautawa, ita ce ta fara tsallako titi da bokiti, 'ya'yanta huɗu suna gida babu ruwa. Wasu samarin layinmu suka taso mata. Baba ya fito ba riga, ya tsaya a bakin rijiyar ya ce shi ya haƙa, kuma bai tambayi ruwan addininsa ba da ya ɓullo. Washegari mata goma ne suka biyo ta, kuma shi yake ja musu har tafin hannunsa ya fashe.

Da na gaya mata abin da ake ciki, sai ta ɗauko ɗankwali ta ɗaura. Sannan ta ce, "Ƙarfe nawa za su zo?"

Asabar da hantsi tifa ta shigo da baya tana ƙara. Ta tarar da mu zaune a bakin rijiya, ni da Mama, tsofaffi biyu da igiya a cinya. 'Yan dako da masu shaguna suka taru, wasu na dariya. Alhaji ya iso tare da injiniyan da zai yi ginin, ya ce, "Malama, don Allah kada ki ba mu kunya."

Na ce, "Alhaji, kai ka ce girman abu shi yake nuna darajarsa, kuma na yarda. To ka auna taka, a bari ni ma in auna tawa."

Na ba Mama bakin igiyar ta riƙe, na fara tafiya da baya ina warwarewa ina ƙirga ƙulli da ƙarfi, yadda nake sa yara ƙirga a aji. Na wuce tifar, na wuce shago na farko, na wuce na biyu. A ƙulli na huɗu na tsaya na ce nan tsayin ƙofarku ya ƙare, sannan na ci gaba. Kafin in kai na tara dariyar ta ɗauke, ni kaina ma ban taɓa ganin tsawon aikin ubana a shimfiɗe ba sai ran nan.

Mama ta ɗaga murya daga inda take ta ce, "Yarana huɗu sun sha wannan ruwa. Duka suna da rai. Wanda zai zuba yashi, ya fara zuba a kaina."

Ba zan yi ƙarya in ce maganarmu ce ta karya musu zuciya ba. Injiniyan ne ya ɗage murfin, ya jefa tsakuwa, ya saurara. Ya juya ya ce wa Alhaji an gaya masa ɗan rami ne, kuma shi ba zai dasa ginshiƙi a kan cikon rami mai wannan zurfin ba, ko tifa nawa aka zuba ƙasar za ta zauna. Aka yi ta ja-in-ja har azahar. A ƙarshe aka matsar da ƙofar taku goma gaba, aka rage mata faɗi, Alhaji ya daina gaishe ni. Wannan ya yi mini ciwo, amma ban je ba shi haƙuri ba.

Kwana uku da fara ginin aka ɗauke wuta a unguwar, burtsatse ya tsaya, motar ruwan da suka kira ba ta zo ba, ga siminti an riga an zube a ƙasa. Ina zaure na ga babban maginin ya doso da jarka biyu yana sosa ƙeya. Zuciyata ta ce in hana. Sai na tuna dalilin da ya sa Baba ya haƙa ta a waje.

Na ce su ɗiba, ba sai sun tambaya ba. Na miƙa musu guga da igiyar nan mai ƙulli tara, suka wuni suna ja suna haki.

Ƙofar tana nan yanzu, fara tas, da allon dutse mai sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. Babu sunan Baba a ciki, ban kuma nemi a sa ba. Kullum da safe nakan ja guga biyu ko da kafaɗata tana ciwo, saboda rijiyar da ba a ɗiba lalacewa take yi. Kwanaki wata malama da na taɓa koyarwa ta kawo ajinta kallon ƙofar, tana cewa su ɗaga kai. Na bari suka gama, sannan na kira su na ɗage murfin, na ce su leƙa a hankali. Wata yarinya ta tambaye ni wa ya yi wannan.

Na ce, "Babana ne. Mai haƙar rijiya ne."