Akwatin Kakata da Na Mayar Sabo

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗalibin tarihi a jami'a a nan Jidda. Ba ni da yawan magana, ko a gidanmu na unguwar Mahjar an fi ganina da littafi. Da hutu na samu aiki wurin wasu masu shirya fim a Balad, tsohon garin Jidda, aka haɗa ni da wani dattijo Bamisire mai tsara ɗakunan da ake ɗaukar hoto a ciki. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a manyan gidajen fim na ƙasarsu, zamanin da ake gina unguwa guda da katako a cikin rumfa. Shi ke zaɓar labule da shimfiɗa da kwanuka, ya ajiye kowanne inda ido zai yarda mutane na kwana a wurin. Da na kwatanta wa kakata, ta yi dariya ta ce ashe jere angon nata ya koma yi, saura ɗaura zani.

A fim ɗin akwai ɗakin wasu alhazan da, waɗanda suka taho daga ƙasar Hausa a ƙafa, kuma dattijon yana neman akwatin ƙarfe irin nasu. Sai na tuna da na kakata. Mahaifiyarta ce ta taho da shi daga Kano ta Sudan, shi kaɗai ya rage mata na uwar. Kakata ta makance, amma ta san akwatin da hannu. Takan shafa inda ya lotse a gefe ta ce nan raƙumi ya kayar da shi, ta bi wani dogon karce a murfin ta ce wannan na ranar hawa jirgin ruwa ne. Da na roƙe ta, ta ce halas, in tafi da shi, amma in ya dawo da ko ƙwarzane ɗaya da ba ta sani ba, aurenmu ya mutu.

Dattijon ya ji daɗin akwatin, ya kuma gaya mini dokar sana'arsu: kayan aro ƙura kawai ake share musu, in ana son canji sai a ƙera irinsa. Na ji, amma wani abu ya tsaya mini a rai. A lissafina, a zamanin labarin akwatin bai kai tsufan haka ba, ya kamata ya fito da fentinsa. Kunya ta hana ni faɗa a gaban mutane, sai na yanke in nuna a aikace. Na kai shi wurin wani mai walda a unguwar Khumra ya buge lotsawar, ni kuma na goge karcen tas, na shafa masa koren fenti.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya ce mai yiwuwa tarihina daidai ne, amma akwatin ba nawa ba ne, ba nasa ba. Ya ce zai iya tsufar da shi da toka da ruwan shayi ya ruɗi kyamara, hannu kuwa ba ya ruɗuwa.

Da na mayar da shi, kakata ta shafa gefen, ta shafa murfin, ta sake shafawa. Ta ce an yi mini musanya, yalla maza in koma in karɓo na uwarta. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta janye hannunta kawai ta ce a ba ƙanwata ta zuba kaya. Ba ta ƙara kirana ango ba har Allah ya yi mata rasuwa. A fim ɗin kuwa rabin akwatin ne ya fito, a bayan ƙofa, ƙiftawar ido.

Na koyi cewa ba duk lalacewa ke neman gyara ba, kuma da na daure na buɗe baki na yi tambaya, da an hana ni. Ina kira ga 'yan'uwa matasa masu shiga irin wannan aiki, in tsoho ya ara muku abu, ku mayar masa yadda hannunsa ya san shi. Akwatin yana nan a gidanmu, sumul. Nakan shafa gefensa ina neman inda raƙumin ya kayar da shi, ni ma ba na gane wurin.