Tambayar da Na Yi wa Hajiya a Gidan Makoki

Sai da na shekara shida ina aiki a gidan kula da tsofaffi a garin Laurel na Amurka kafin na yarda cewa ban iya zama da mai mutuwa ba. Na iya yi wa mutum wanka, na iya juya mara lafiya ba tare da na ji masa ciwo ba, na iya lallaɓa tsohon da ya rantse ba zai sha magani ba. Amma da zarar wani ya kama hannuna ya ce yana jin tsoro, sai in hau gyaran matashin kai kamar shi ya yi laifin. Wata tsohuwa ta taɓa ce min, "Bar matashin nan haka, ba shi ne zai mutu ba." Ranar na yanke shawarar komawa makaranta.

Akwai karatu na musamman da limaman asibiti ke yi, na zama da marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa. Makarantun Kirista suka ce in kawo takardar fasto. Ta Musulmi tana da nisa, ita ma takardar liman take so, limaminmu kuwa da na je masa da maganar sai ya tambaye ni ko maigidana ya san na fito. Saura guda ɗaya da na gani a intanet, wadda ba ta nemi takardar kowa ba: makarantar horar da limaman arna. Ba zagi na yi ba, haka suke kiran kansu, har da alfahari. Wasu wata suke bauta wa, wasu ƙasa da itatuwa, wasu kuma allolin kakanninsu na Turai da suka tono daga cikin littattafai. Na rubuta musu cewa ni Musulma ce, ina sallolina biyar, kuma ba ni da niyyar sauyawa. Suka amsa cewa sun yi murna ƙwarai. Wannan murnar ta fi komai ba ni tsoro.

Maigidana, wanda ke aiki a sashen Hausa na gidan rediyo a Washington, ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ya raɗa min Bokanya. In ya dawo daga aiki sai ya tsuguna ya ce, "Bokanya, a duba mana, jirgin gobe zai zo a kan lokaci?" Amma abu ɗaya muka yi ittifaƙi a kai ba da wasa ba: kada Hajiya ta ji.

Hajiya mutuniyar Maraɗi ce, tana zaune a Lanham da mijinta, Alhaji, wanda ya shekara ashirin yana tuƙin tasi. A ɗakinta na sauka lokacin da na zo Amurka ban san kowa ba. Ita ta yi min wankan jego da na haihu, da ruwan zafin da har yau in na tuna sai na ji bayana ya amsa. Ɗiyata take ce min. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, don haka wannan kalmar ba ƙaramin abu ba ce a wurina, kuma na san in ta janye ta ba ni da inda zan sami wata. Na gaya mata makarantar nasiha nake zuwa. Ban yi ƙarya ba, gaskiyar ce dai ban kai ta gida ba.

Yawancin karatun a intanet ake yi, amma sau ɗaya a wata muna haɗuwa a wata gona can cikin duwatsun Maryland. Na tafi da Ayatul Kursiyyu a bakina, ina tsammanin zan tarar da ƙoƙon kai da jan ƙyalle. Abin da na tarar shi ne wata ma'aikaciyar gwamnati mai gilashi tana rarraba takardar jadawali, da wani tsohon ɗan kwana-kwana mai gemu har ƙirji yana cigiyar wanda ya toshe masa mota. Kowa ya zo da abinci, an manna wa kowane kwano takarda: babu nama, babu madara, babu alkama. Na tsaya ina neman kwanon da aka rubuta abin da ke akwai.

Da suka ji kakata ta wajen uba Bamagujiya ce, 'yar bori, sai suka kewaye ni kamar na zo da tsaraba. Ni kuwa abin da na sani na bori bai wuce ƙarar garaya da baƙin bunsurun da take yankawa duk shekara ba. Da na ambaci bunsurun, wata ta dafe ƙirji. Su ruwan tuffa suke zuba wa allolinsu a gindin itace, da ɗan biskit. Na ce a raina, da kakata ta ga wannan da ta ce shi ya sa iskokin Turawa ba sa hawa kan kowa, ba su da ƙarfin hawan. In sun yi da'ira suna kiran gabas da yamma, ni sai in shimfiɗa dardumata a bayan rumbu in fuskanci gabas tawa. Ɗan kwana-kwanan nan ne ma ke tuna min in la'asar ta yi.

Malamar da ke koyar da nasiha wata farar tsohuwa ce siririya, ta shekara da shekaru tana zama da masu jinya a asibiti. Tana da 'yar ƙararrawa ta tagulla. Za ta haɗa ku biyu-biyu, ɗaya ya zama wanda aka yi wa rasuwa, ɗaya mai nasiha, in ka kauce hanya ta kaɗa. Ranar farko aka haɗa ni da mai gilashin nan, ta ce mijinta ya mutu. Na ce ta yi haƙuri. Ƙararrawa. Na ce kowa da ranarsa. Ƙararrawa. Na ce ta gode da ya bar mata 'ya'ya. Ƙararrawa har sau biyu.

Malamar ta ce, "Kina rufe mata baki ne. Kada ki ba ta magani. Ki tambaye ta yadda take ji, sannan ki yi shiru ki ƙirga goma a ranki."

Na ji haushi ƙwarai. Ni da na taso a gidan da ake zaman makoki kwana bakwai, wata mai bautar wata ce za ta koya min ta'aziyya? Amma da na gwada a wurin aiki sai na ga abin mamaki. Wani tsoho da muka ɗauka ya daina magana, na tambaye shi, na yi shiru, ina kai bakwai ya fara ba ni labarin ƙaninsa da ya nutse a kogi suna yara. Daga nan kaina ya kumbura. Wanda ya sami sabuwar wuƙa komai nama ne a idonsa. Maigidana ya ce miya ta yi gishiri, na ce, "Yaya ka ji a ranka?" Ya ce, "Ƙishirwa."

Ana cikin haka Alhaji ya faɗi a bakin motarsa. Kwana tara ya yi a asibiti, inji na yi masa numfashi, sannan Allah ya karɓi abinsa. Hajiya ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Mata suna ta yaba mata, wai ga mai tawakkali. Ni kuwa da sabon ilimina na dube ta na ce wannan ba tawakkali ba ne, wani abu ne ya tokare ta.

Ranar sadakar uku falonta ya cika da mata, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Ghana, takalma har bakin lif. Kowa ya san yadda ake yi. Ki durƙusa ki ce, "Ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Ki ce, "Allah ya jiƙansa." Ta ce, "Amin." Ki matsa ki ba na baya wuri. Tambayarmu da amsarta take zuwa a ɗaure, don kada mai makoki ya wahala neman abin faɗa. Da layi ya zo kaina na durƙusa, na kama hannunta, na kalle ta ido cikin ido yadda aka koya mana.

Na ce, "Hajiya, yaya kike ji a ranki?"

Sannan na yi shiru na fara ƙirga. Ban kai huɗu ba falon ya mutu, har wadda ke jan carbi ta tsaya. Tambayar dattijuwa a gaban mutane yadda take jin rashin mijinta, wanda ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, daidai yake da yaye mata zani a kasuwa. Na san haka tun ina yarinya, makaranta ce ta mantar da ni. Ina kai takwas sai wata, wadda mijinta ke aiki tare da nawa, ta ce da murya mai zaƙi, "A yi mata uzuri. Abin da ake koya musu ke nan a makarantar matsafan."

Hajiya ta zare hannunta a hankali. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Baiwar Allah, tashi ki ba mutane wuri."

Baiwar Allah. Na gwammace ta mare ni. Na yi kuka a mota tun daga Lanham har Laurel, ina zagin kaina, ina zagin mai bakin nan, ina zagin maigidana da bai iya riƙe sirri ba. Na kira malamar na ba ta labari. Ta yi shiru, na san ƙirge take yi, na ce mata in ta tambaye ni yadda nake ji zan kashe wayar. Sai ta ce ita ba ta taɓa cewa a yi tambayar a gaban mata arba'in ba. Ta ce, "Kin san hanyar gidanta. Ki ci gaba da zuwa, ki bar ni da karatuna a mota."

Haka na yi. Hajiya ta shiga takaba, ba ta fita ko'ina. Duk ranar da ba ni da aiki sai in je in yi mata cefane, in wanke banɗaki, in dama fura in ajiye. In na gaishe ta ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai kawo wasiƙa. Mata suka ɗauke ƙafa bayan sadakar arba'in, kowa ya koma aikinsa, don a ƙasar nan baƙin ciki ma sai ya bi jadawali. Ni dai ban fasa ba, kuma ban ƙara tambayarta komai ba sai inda ta ajiye tsintsiya.

Wata Talata da hantsi, wata biyu da rasuwar, na tarar da ita zaune a ƙasa tana fama da kanta. Kitson da ke kanta tun na kafin Alhaji ya faɗi ne, ya dunƙule. Ta miƙo min tsinke. Na zauna a kujera, ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, na fara tsifa. Mun ci layi uku kafin ta yi magana.

"Wannan lakwal, makarantar taku ta arna. Gunki kuke ma sujada?"

"Ni dai ban yi ba, Hajiya. Ruwan tuffa suke ba itace."

Ta ja tsaki. "Asara. To mi suke koya maki?"

"Rufe baki."

"Ba ki ci jarrabawa ba ke nan."

Na ce ban ci ba. Ta yi shiru, ni ma na yi, amma wannan karon ba ƙirge nake ba, gashi nake warwarewa. Can ta fara magana da muryar da ban san ta da ita ba, tana fuskantar bango. Ta ce ranar ta tara lokotoro, wato likita, ya kira ta ofis da mai fassara, ya ce Alhaji ya riga ya tafi, inji ne kawai ke hura shi. Ya ajiye mata takarda. Yaran suna gida Nijar, babu wanda za ta tambaya. Ta sa hannu. Ta ce alƙalamin shuɗi ne, da farko ma ya ƙi rubutu, sai da lokotoron ya goga shi a wata takarda.

"Kowa ya zo sai shi ce min kwana ya ƙare. Ni kuwa na san hannun wa ya ƙarar da shi." Ta ɗaga hannun damanta ta duba. "Ke da kike aiki cikin masu mutuwa. Kashe shi na yi?"

A ƙa'idar makaranta, mayar mata da tambayar ya kamata in yi. Ban yi ba. Na ce mata na tsaya a kan mutane da yawa da aka cire wa injin nan, da hannuna na rufe idon wasu. Wanda ke da sauran kwana, in an cire yana ci gaba da numfashi, na gani da idona. Na ce, "Alhaji ya yi numfashi bayan an cire?"

"Ko ɗaya."

"To ba ki kashe shi ba, Hajiya. Sakin shi kika yi."

Sai ta jingina kanta a gwiwata, rabi tsefe rabi kitse, ta fashe da kukan da ta riƙe wata biyu. Kuka ne mai ƙara, mara kyan ji, har maƙwabcinta ya buga bango. Zanina ya jiƙe. Ban ce komai ba, ban kuma gyara komai ba, na riƙe tsinken a hannu har ta gama.

Ta face hanci da bakin mayafinta, ta gyara zama, ta ce in ƙarasa, kuma in daina ja kamar ina cire ciyawa. Sai da na kai layin ƙarshe ta sake magana, ƙasa-ƙasa.

"Ranar da na fita takaba, ɗiyata, ke za ki kai ni in ga inda suka sa shi. Kada ki gaya ma liman."