Wayoyi Biyu a Tsakiyar Mujalla: Ta'aziyyar Amm Sabri Dahshuri

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata 11 ga Fabrairu, 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Amm Sabri Dahshuri, mai rumfar tsofaffin mujallun labaran zane a kasuwar littattafai ta Azbakiyya, a nan Alƙahira. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas. 'Yarsa Abla ce ta buga mini waya. Ta yi mini magana cikin ladabi, ni da na yi shekara tara ina ɓata sunan mahaifinta.

Ban saba yabon mutane ba. Na karanta tarihi a jami'a, na koyar da shi shekara talatin da ɗaya, na ga waɗanda suka kwafi jarrabawa daga takardata sun zama manyan daraktoci, ni kuwa aka sallame ni da agogon bango. Na daɗe da yanke cewa gaskiya ba ta da kasuwa a garin nan. Amma akwai abin da na ɗauke maka, ya Amm Sabri, kuma dole in mayar tun mutane ba su watse daga zaman makoki ba. Sunanka ne.

Duk wanda ya tara mujallun ƙuruciyarmu ya san yadda kake aiki. Sai ka wanke hannu tukuna. Ka shinshina takardar, ka ɗaga bango ga hasken rana, ka ƙirga shafuka ɗaya bayan ɗaya, ka duba ko wani yaro ya taɓa yanke takardar gasa da almakashi shekara sittin da suka wuce. Sannan ka ɗauki fensir ka rubuta hukuncinka a 'yar takarda, ka saka a cikin leda tare da mujallar. Hukuncin uku ne kawai: kamar yau aka buga, ko ya sha karatu, ko gyararre. Daga Iskandariyya har Aswan, 'yar takardar nan ta fi rantsuwar mai sayarwa nauyi.

Ina wurin ranar da wata mata da mijinta ya rasu ta zo da buhu biyu na mujallu, tana neman mai auna takarda a sikeli. Ka zaunar da ita a kujerarka, ka yini kana tsintar masu daraja, ka gaya mata ainihin abin da ke hannunta, ka haɗa ta da mai saye, ba ka ɗauki ko guda ba. Kwandon nan na bakin rumfa kuma, wanda kake zuba waɗanda suka sha karatu, direbobin bas da masu gadi su tsaya su karanta kyauta, na sha ce maka asara ce. Sai ka ce ai don a karanta aka buga su.

Ni ina da fitowa ta farko ta mujallar da muka tashi da ita, wadda yayana ya bar mini. 'Yan wayoyi biyu da ke ɗinke tsakiyarta sun yi tsatsa, tsatsar ta fara cin takarda. Na taɓa karanta yadda ake adana tsofaffin takardu, don haka na ga na fi kowa sani. Na zare wayoyin na sa sababbi, na shimfiɗa ƙyalle a kan bangon na bi shi da dutsen guga. Da wani likita daga Iskandariyya ya nemi saye, ban gaya masa ba. Shi kuwa ya ce sai da takardar Amm Sabri.

Ranar Juma'a ce, bayan masallaci, lokacin da masu tara mujallu kan cika gaban rumfarka. Na kawo maka mujallar, likitan yana tsaye a gefena. Ka buɗe tsakiyar, ka shafa da babban yatsa, ka rufe.

Ka ce, "Ya Ustaz Wagdi, mu shiga ciki mu sha shayi tukuna."

Hanya ka ba ni, na ƙi bi. Na ce, "Faɗi a nan, ya Amm Sabri. Mu ba mu da abin ɓoyewa."

Ka daɗe kana kallona, sannan ka rubuta: gyararre. Likitan ya tambayi dalili, ka ce a hankali, "Wayoyin nan jikata ta girme su, ya Dokta."

Wani ya yi dariya a bayana. Dariyar nan ce ta cinye ni. Na ce, "Mutumin da bai gama firamare ba shi ne zai koya mini takarda?"

Ka ce, "Ni ban san takarda ba, Ustaz. Wannan dai na san ta."

Daga ranar na shiga gidajen shayi ina cewa kana rage darajar kayan mutane ne don ka saye da araha ta bayan fage. Mutane kan yarda da mai digiri da kwat. Taron Juma'a ya ragu. Wasu da suka yi shekara ashirin suna kawo maka kaya suka koma wani wuri, matasa kuma suka ɗauki maganar suka yaɗa a waya ba su ma san daga bakin wa ta fito ba. Da ka so, da ka ce in kawo mujallar a buɗe tsakiyarta a gaban kowa, magana ta ƙare. Ba ka yi ba. An gaya mini duk wanda ya kawo maka zancen, amsarka ɗaya ce: Ustaz ya fi ni karatu.

Mako uku da suka wuce na ji kana kwance a gida a Shubra, idanu sun tafi. Na hau benen nan hawa huɗu da niyyar neman gafara. Mutane kan je dubiya da lemo, ni da mujallar na je. Kafin in yi sallama ka ce, "Wannan takun na Ustaz Wagdi ne. Har yanzu kana tafiya kamar sufeton makaranta?"

Na sa maka ita a hannu. Ka ce Abla ta kawo ruwa, ka wanke hannu, ka shinshina, ka lalubi tsakiyar.

Ka ce, "Wallahi sun fara tsatsa. Ka ba su shekara arba'in, za su ruɗi wani. Ni dai ba na nan, balle in ɓata maka ciniki."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ni ma na yi. Muka sha shayi. Muka yi hirar tsadar tumatir da ciwon gwiwa. Kalma uku ce ta kai ni gidan, ka yafe mini, kuma na sauko da su a bakina kamar yadda na hau da su. Na ce wa kaina zan dawo in ka ji sauƙi.

To, ga shi ina faɗa inda ba za ka ji ba. Ni, Wagdi Sarhan, ni na canza wayoyin da hannuna, ni na goge bangon, kuma na san haka ranar da na tsaya a gaban rumfarsa ina zaginsa. Amm Sabri bai taɓa rage darajar kayan kowa ba. Duk wanda ya ji wannan magana daga bakina, ko daga bakin wanda ya ji daga gare ni, ƙarya ya ji. Wanda yake da 'yar takarda mai rubutun fensirinsa ya riƙe ta da kyau, domin abin da ke cikinta gaskiya ne. Ranar Juma'a mai zuwa, bayan masallaci, zan zauna a gaban rumfar da mujallar a buɗe, mai son gani ya zo ya gani, mai son dariya ya yi.

Ya Allah Ka ji ƙan bawanKa Sabri, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya rufa asirin wanda ya tozarta shi, Ka rufa masa nasa ranar da za a buɗe littafin kowa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Sitt Nawal, da 'ya'yansa Abla da Hisham, da jikokinsa, da makwabtansa na kasuwa. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Na rasa damar roƙonsa, saboda haka ku nake roƙo. In kun yafe, Allah Ya saka muku. In ba ku iya ba, ban ga laifinku ba.