Allurar Karen Baffa Jauro

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da aka kawo mini kare a sansanin rigakafin shanu na Burumburum. A tsakiyar shekarun 1950 ne, ƙarshen damina, ina ƙaramin malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya. Aikinmu a lokacin shi ne yi wa shanu allurar ciwon bushiya, mu tsaga kunnen wadda aka yi wa don a gane ta. A samana akwai babban malami, a samansa kuma Baturen likita da ke zuwa rangadi daga Kano.

Ina tafasa allurai sai ga wani dattijon Bafulatani, Baffa Jauro, ya saɓo kare a wuya kamar ɗan maraƙi. Mutane suka dare. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, na ji kuna duba dabba. Wannan ma dabba ce."

Na ce, "Baffa, mu na shanu ne."

Ya ce, "Shekara takwas yana gadin shanun nan da kuke dubawa. Sau biyu yana korar kura daga maruƙana. Ka dai dube shi."

Gaskiya ƙyamar taɓa shi nake yi, amma na ji nauyin dattijon. Sunan karen Jankunne. Cikinsa ya yi tulu, gashin kwiɓinsa ya zube, ƙafafun sun tsotse. Baffa ya ce ruwa ba ya isarsa, kuma duk inda ya yi fitsari sai tururuwa ta taru. Ni ban ko yi tunanin tambayar wannan ba.

Kwana uku bayan haka likita ya iso. Na gaya masa ina ɗari-ɗari, sai na ga ya miƙe. Ya sa na tari fitsarin, ya zuba a wani shuɗin ruwa cikin kwalba, ya ɗora a wuta. Ruwan ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya ce ciwon suga ne. Kumburin cikin da zubar gashin kuma, a zatonsa, daga wata 'yar tsoka ce a saman ƙoda da ke fitar da sinadari fiye da kima, wannan kuwa ba shi da maganinta. Na suga akwai allura, amma kullum ne har ƙarshen rai, a kan lokaci, bayan cin abinci, kuma maganin ba ya son zafi.

Ya ce, "Gaya masa ba zai iya ba. Gara a hutar da karen."

Na fassara. Baffa ya ce, "A nuna mini sau ɗaya. In na kasa, ni zan faɗa da bakina."

Da likita ya aiko da maganin, ni na koya masa: a tafasa sirinji, a ja ruwan zuwa zane kaza, a tattaro fatar wuya, a soka. Bai iya karatu ba, sai ya ɗaura baƙin zare a daidai zanen. Kwalbar maganin kuwa ya sa ta a 'yar tukunya, ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ya hana kowa a rugar ba karen fura ko ragowar tuwo, sai nama da dusa gwargwado, da hannunsa.

Da rani ya kama, lokacin tafiya da shanu kudu wajen Doguwa ya yi. Can babu hanyar samun magani. Baffa, wanda tun tasowarsa bai taɓa rabuwa da garkensa ba, ya damƙa wa ƙaninsa shanun ya zauna. 'Yan'uwansa suka yi ta magana, wai ya bar dukiya saboda kare.

Wata rana na je duba su, na tarar Jankunne a kwance yana karkarwa. Ya ƙi cin abinci bayan an yi masa allura, suga ya faɗi. Ni mai takarda na tsaya ina lalube a jaka. Baffa ya riga ya tuna abin da likita ya faɗa tun farko a yi in suga ya faɗi, ya lakato zuma yana goga masa a dasashi yana kiran sunansa. Can sai karen ya ɗaga kai. Baffa ya ce, "Laifina ne, Malam. Na soka kafin ya ci. Ba zan ƙara ba." Bai kuwa ƙara ba.

Daga baya yanar ido ta makantar da karen. Sai Baffa ya rataya 'yar ƙararrawa a sandarsa, karen na bin sautin har bakin rafi su dawo. Haka suka yi fiye da shekara kafin Jankunne ya mutu. Da na kai wa likita labari, ya cire hularsa, ya ce ko a ƙasarsu bai ga wanda ya riƙe irin wannan jinya haka ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na ɗauka. Ni dai allura na koya wa Baffa, abin da bai ci rabin sa'a ba. Sauran duk shi ya yi, kullum, ba mai ganinsa balle ya yaba masa. Tun daga lokacin, in makiyayi ya tsaya gabana da dabba, kowace iri ce, sai na ajiye jakata na ce, "Baffa, me ka gani?" Sai ya gama magana nake buɗe ta.